Kunya Goma Sha Bakwai

Litinin, 21 ga Afrilu, biyu da rabi na rana

Sun sake ɗauke wuta. Saura minti ashirin da biyar aikin ya gama, minti ashirin da biyar! Ekran, fuskar kwamfutar, ya yi ɗif, fanka ta tsaya, ni kuma na zauna ina kallon fuskata cikin baƙin gilashi kamar sakarya. Karo na huɗu ke nan.

Bari in zuba abin a takarda ko na huce. Ƙungiyarmu ta ɗauki hoton burtalin da ya bi ta gabas da Urafan, daga sama, da duron, ɗan jirgin nan mara matuƙi. Hoto dubu huɗu da ɗoriya. Aikina in ɗinke su su zama taswira guda, in ɗora mata gurbin tsofaffin bornoni, duwatsun simintin nan da aka kafa tun ba a haife ni ba, don kowa ya ga inda hanyar shanu ta tsaya da inda gona ta fara. Na raba burtalin gaɓa tara. Kowace gaɓa ordinater, kwamfutar tamu, yana cin awa shida da minti arba'in a kanta. Wutar unguwarmu nan Tasawa kuwa takwas na safe take zuwa, biyu da kwata ta tafi, ta yamma kuma wasan ɓuya ce. In ta yanke aiki bai gama ba, sai a koma farko. Gurup ɗin biro, janaretan ofishinmu, ya mutu tun azumi.

Shef Liman, shugabanmu a wurin aiki, ya leƙo sau uku yau. Ran Talata 13 ga Mayu kwamitin manoma da makiyaya zai zauna a Urafan, a sake kafa bornoni kafin ruwan shuka. In babu taswira a ranar, sai an yi kaka. Kowa ya shuka inda ya saba, shanu su hauro su tarar da abin da suka tarar bara.

Ba zan rubuta maganar bara ba.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Na kira Mahaman ɗan Gwaggo, mai shagon gyaran ordinater a Mayahi. Ban so ba, don taubashina ne kuma bakinsa ya fi hannunsa aiki.

"Injiniyar ƙauye! Yau kuma jirgin naki rijiya ya faɗa?"

"Mai gyaran rediyo, ka bar shiririta. Minti ashirin da biyar nika nema."

Da na yi masa bayani sai ya ce nauyin aikin duk yana kan kart garafik, katin nan mai fankoki biyu da ke ɗauke da lamarin hoto. Wai masu ƙera shi sukan bar masa sauran gudu a jiki, ana iya matsa shi kaɗan. "Amma jaki ne, Raihana. In kin iya da shi ya ƙara sauri, in kin cika duka ya zubda ke da kayan. Kuma kar ki sa rai, abin da za ki samu bai wuce bakwai cikin ɗari ba."

Na ce bakwai ɗin nake so.

"To saurara. Ki fara wanke shi, ki sa mashi sabon man zafi, zan aiko maki. Ki ɗaga gudun fankokinshi. Sa'annan ki ƙara ma zuciyar katin mega sha biyar, ki gwada shi rabin awa. In ya ɗauka, ki ƙara wata sha biyar. Ran da ya yi tuntuɓe, ki koma baya taki biyu ki tsaya nan. Zafi kar ya wuce digiri tamanin. Boltaj kuwa, ƙarfin wutar da ke shigarshi, ko da wasa kar hannunki ya je wurin."

"Sha biyar sha biyar? Sai yaushe?"

"Ɗaya ba ta komai, shi ya sa ake bin ta ɗaya ɗaya. Amma ki riƙa rubutawa. Mai ƙara kaɗan kaɗan shi ke mance inda ya faro."

Ya ƙara da cewa in na ƙona katin, babu irinsa daga nan har Maradi, sai dai in zana taswirar da gawayi.

Laraba, 23 ga Afrilu, sha ɗaya na safe

Man ya iso hannun wani direba. Na buɗe cikin ordinater, na tarar da gidan zanzaro a bayan fanka. Gidan zanzaro! Shekara biyu Shef yana cewa injin nan tsaf yake. Tsohon man ya bushe ƙamas, na kankare shi a hankali.

Na ɗan karanta abin da Turawa suka rubuta kan wannan aiki. Wai a gwada a ɗaki mai digiri ashirin da biyu. Ashirin da biyu! Mu nan ko randa ba ta san wannan sanyin ba. Ɗakina arba'in da ɗaya yake yau. Na jiƙa buhu na rataye a taga, iska tana bi ta ciki. Mahaman ya ce taga kawai, in ɗigon ruwa ya kusanci injin shi da kansa zai zo ya ja min kunne.

Alhamis, 24 ga Afrilu, biyu saura

Hutu ne, ba kowa a biro, na samu na yi gwaji cikin natsuwa. Sha biyar, lafiya. Talatin, lafiya. Haka na yi ta hawa, ina gajarta gwajin farko-farko don wuta ba ta jira. A ɗari da talatin da biyar ekran ya ƙifta, ya yi baƙi, ya dawo da saƙon kuskure. Na ce shi ke nan na kashe shi. Ashe tuntuɓen da aka ce ne. Na koma ɗari da biyar, na bar shi ya yi ta gurnani awa guda cur, bai ce uffan ba.

Memuwar katin kuma, wurin da yake riƙe hotuna yana aiki, na ƙara mata ɗari biyar. A ɗari bakwai wasu ɗige-ɗige kore suka fara yawo a hoto, na janye. Zafi saba'in da shida. Fankokin suna kuka kamar injin niƙa, amma kunnena ya saba.

Ɗari da biyar. Ɗari biyar. Saba'in da shida. Na rubuta, Malam Mahaman, ka gani.

Juma'a, 25 ga Afrilu, biyu da minti ashirin

Awa shida da minti takwas! Gaɓa ta ɗaya ta gama, na adana ta, bayan minti bakwai wuta ta tafi. Na yi mata gwalo.

Inna ta shigo gari da kwanonta kamar kowace Juma'a, za ta kai wa ƙanena Naziru abinci gidan kaso. Ta biyo nan ta sha ruwa. Ta ce in raka ta, na ce aiki. Da ta dawo ta ce Naziru ya rame, yana tambayar yayarsa. Na ce ina gaishe shi.

Asabar, 26 ga Afrilu, la'asar

Ta biyu.

Lahadi, 27 ga Afrilu, hantsi

Na fita sayen albasa, na yi kiciɓis da Lalla mai cuku. Na ganta tun daga nesa, na so in kauce ta bayan masu tabarmi, ta riga ta gan ni. Matar nan da za ta ɗauke kai da ta yi min adalci. Tun ina ƙarama take zuwa gidanmu a ƙauye da ƙwaryar nono, Inna ta ba ta hatsi, ɗanta Rabo da Naziru su tafi harbin kurciya.

"Ɗiyar Na Allah, kin tashi lahiya?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Ina... ina su Rabo?"

"Yana nan. Ya koyi riƙon sanda da hagu."

Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin farashin gishiri. Ta zaro cuku biyu ta danƙa min, na ce a'a, ta ce ba a maida kyautar uwa. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "An ce ke ce mai idon sama. Ki duba da kyau, ɗiyata. Mu ba mu iya takarda ba."

Cukun yana nan cikin jaka. Na kasa ci, na kasa bayarwa.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan azahar

Ta uku jiya, ta huɗu yau. Kai, mutane! A ta huɗu akwai wani bawan Allah da ya cinye kusan rabin burtali. Daga sama komai a fili yake, kunyoyin gyaɗar bara suna nan reras, ana ƙirga su da yatsa. Burtali mai faɗin mita hamsin ya koma lungu. To ina shanu za su bi, su yi fiffike? Na nuna wa Shef, na ce wallahi wasu ba su da ta ido. Ya ce in rage murya, tagar a buɗe take.

Alhamis, 1 ga Mayu, biyu da kwata

Biyar da shida sun shiga. Saba'in da bakwai yau, don rana ta yi rana. Gobe ta bakwai. Ta bakwai ce ta bi ta gefen ƙauyenmu.

Juma'a, 2 ga Mayu, biyu da minti tara

Ta gama. Na duba. Na rufe.

Inna ta zo, ban ma ji abin da take cewa ba.

Asabar, 3 ga Mayu, tara na safe

Kuskure ne. Dole kuskure ne. Kati ne da aka matsa wa, ga zafi, ga buhun ma ya bushe jiya ban jiƙa ba. Ina jin har na ga ɗigo kore a kusurwa. Ba zan kai wa kwamiti aikin da nake shakka ba, na goge ta.

Ɗigon, ina jin na gan shi.

Lahadi, 4 ga Mayu, bayan magariba, a ƙauye

Na hau moto, wato babur, na zo gida. Baba yana zaure yana zaɓen iri, ya ɗago ya ce, "Uwata, ke ce da ranar nan?" Sunan mahaifiyarsa aka sa min, bai taɓa kirana da wani suna ba. Ya sa aka dama min fura. Muna cikin hira ya tambaya, idonsa a kan zangarniya, "Jirgin naku ya ga gonarmu?"

Na ce bai kai nan ba tukuna.

Ya ce to.

Da rana ta yi sanyi na ce zan miƙe ƙafa. Kowa a gidanmu ya san gonarmu ta tsaya ga aduwa. Haka muka tashi muka ji, haka Naziru ya faɗa wa jandarmomi bayan abin da ya yi wa hannun Rabo, haka zai faɗa wa alƙali bayan Salla: cikin gonarmu shanun suka shiga. Hujjarsa ke nan, ba shi da wata.

A tsakiyar gonar, can kafin a kai aduwa, akwai wani tudun rairayi da Baba ke tara wa ƙaya. Tun muna yara yake hana mu zuwa wurin, wai akwai kububuwa. Ni da na yi lakol, karatun boko har Yamai, ban taɓa tambayar abin da ya sa maciji guda zai shekara ashirin a rami guda ba. Taswirar da na goge, daidai kan tudun nan ta ɗora borni. Na ja ƙayar da kara, na tona da takalmi.

Babu maciji. Siminti ne.

Daga nan zuwa aduwa, a hoto, kunya goma sha bakwai na ƙirga. Na maida ƙayar yadda take. Da na dawo Inna ta ce me ya sami idona, na ce rairayi.

Talata, 6 ga Mayu, la'asar

Na tsallake. Ta takwas jiya, ta tara yau, duk lafiya lau a ɗari da biyar. Shef ya ce madalla, ina ta bakwai? Na ce ta ba da matsala, hotunanta sun fi nauyi, sai na ƙara wa katin gudu. Ya gyaɗa kai. Mutumin nan ko na ce masa katin yana son shayi zai aika a dafo.

Laraba, 7 ga Mayu, sha biyu

Na sa ɗari da tamanin don ta yi sauri. Awa biyu ta yi, ta faɗi. Yau ta wuce.

Alhamis, 8 ga Mayu, azahar

Ɗari biyu da goma, memuwar ɗari tara. Na ɗan taɓa boltaj, kaɗan. Tamanin da tara. Ɗige-ɗige sun cika ekran, kore da ja, gonaki duk sun dagule. Na kira Shef na nuna masa, na ce ka gani ko? Ka ga abin da nake fama da shi? Ya ce subhanallahi, ya fita yana kiran waya.

Haushin kowa nake ji. Haushin masu wuta, haushin Shef da ba ya gane komai, haushin Mahaman da ya koya min, haushin wanda ya ƙirƙiro duron. Mutane suna zaune da gonakinsu lafiya, wa ya aike mu leƙen su ta sama?

Lafiya. Ji abin da na rubuta, wai lafiya.

Juma'a, 9 ga Mayu, sha ɗaya da rabi

Casa'in da biyu. Na ji ƙauri kamar an ɗora roba a wuta, kafin in miƙa hannu ordinater ya kashe kansa. Na zauna, ban taɓa shi ba. Abin da na ji a raina a lokacin, Allah ya yafe min, sauƙi na ji.

Bayan rabin awa na danna, ya tashi. Jakin nan ya fi ni taurin rai.

Inna ta zo da kwano. Ta ce Baba ya gyara garma, ruwa kawai yake jira. Ta ce Naziru ya ce a gaya min in yi sauri da taswirar, ita za ta wanke shi, kowa zai ga har ina shanun suka shigo. Ta dube ni ta ce, "Ke kuwa kina cin abinci? Injin ne?" Na ce injin ne, ya yi takwas ya ƙi guda. Ta ce Allah ya hore.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Ashe Mahaman ne Shef ya kira. Tun goma sai ga shi a kan moto daga Mayahi, fuska duk gumi, yana shigowa yana cewa, "Ina gawar? An ce injiniya ta yi kisan kai." Ya buɗe injin, ya shinshina, ya duba man, ya ce katin yana da sauran kwana. Sai ya ce in ba shi kayena, ɗan littafin da nake rubuta gwaji.

Ni da wautata, komai na rubuta. Shi ya ce in rubuta.

Ya bi shafin da yatsa. Ya daɗe. Da ya ɗago babu dariya a fuskarsa, kuma wallahi tun da nake ban taɓa ganin Mahaman haka ba.

"Gaɓa takwas kin yi su a ɗari da biyar, ko tari bai yi ba. Ranar biyu ga wata ga ta bakwai nan kin rubuta awa shida da minti tara. Ina take?"

"Akwai ɗige-ɗige a ciki."

"A ɗari biyar? Raihana. Wanda ke son aiki ya gama ba ya hawa daga ɗari da biyar zuwa ɗari biyu da goma. Kin san inda yake tuntuɓe, ke kika gano wurin da kanki."

Na ce ya fita harkata, shi da ko lakol bai gama ba zai zo ya koya min aikina? Na faɗi maganganu. Ya bar ni na gama.

"Kawu Na Allah kawuna ne," ya ce. "Naziru ni na koya mashi hawan keke. Ba sai kin gaya mani abin da kika gani ba. Amma in kin ƙona katin nan, hotunan suna nan, wani zai ɗinke su a Maradi bayan kaka. Abin da za ki saya damina guda ce, kuma cikin daminar nan shanu za su biyo ta wurin. Rabo yana da ƙanne uku."

Na ce wanzami dai ba ya son jarfa, na sani, ba sai ya faɗa ba.

Ya ce shi bai ce ba. Ya maida boltaj inda yake, ya sa ɗari da biyar da ɗari biyar, ya gwada awa guda, saba'in da shida. Bai danna fara aikin ba. Ya ce wannan ba nasa ba ne. A bakin ƙofa ya so ya yi wasa, ya ce in jiƙa buhuna, muryar ba ta fito daidai ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, takwas da rabi na safe

Wuta ta zo. Ina zaune. Ban kunna ba.

Lahadi, azahar

Saura gobe kawai.

Litinin, 12 ga Mayu, takwas da minti biyu

Na danna. Bismillahi.

Litinin, bayan la'asar

Wajen sha biyu aka yi sallama, na ɗago, Baba ne. Bai taɓa taka biron nan ba. Rigarsa ta zuwa Juma'a ya sa, hular ta jiƙe da gumi. Ya cire takalmi a ƙofa kamar mai shiga masallaci, na ce Baba ba a cirewa, ya ce ya riga ya cire.

"Innarki ta ce injinki ya yi takwas ya ƙi guda. Na san wadda ya ƙi."

Na ba shi kujera, ya zauna gefena. Ya tambayi kukan mene ne wannan, na ce fankoki ne, na ƙara wa katin gudu don ya riga wuta. Ya ce yaya ake ƙarawa? Na ce kaɗan kaɗan, sha biyar sha biyar, ana yi ana dubawa. Ya ce, "Hm." Ya fita ya yi azahar ya dawo. Awa biyu muna kallon layin nan kore yana rarrafe, ni ina kallon zafi, saba'in da shida, saba'in da bakwai, ina roƙon Allah abu biyu da ba sa haɗuwa.

Biyu da minti goma ta gama. Ba ɗigo ko ɗaya.

Na buɗe, na matso da hoton. Ya gane aduwa da kansa, ya gane rijiya, har ya ce ga turken jakinsa. Na nuna masa jan layin burtali da inda borni yake. Ban iya dubansa ba. Na ce, "Baba, kunya goma sha bakwai ce."

Ya sa yatsa a gilashin yana bi ɗaya ɗaya, leɓensa yana motsi. Ya kai ƙarshe ya girgiza kai.

"Sha tara ce, Uwata. Biyu na bakin aduwa iska ta shahe su, jirginki bai gani ba."

Ya janye yatsa daga gilashin, ya ci gaba.

"Shekarar da aka haihi ƙanwarku hatsi bai kai mu ko watan bakwai ba. Na ce bari in ƙara kunya guda, burtali da faɗi, ɗaya ba ta komai. Ba wanda ya yi magana. Da shekara ta kewayo na ƙara guda. Da garma ta fara karo da dutsen sai na rufe shi." Ya share fuska da hannun riga. "Naziru bai sani ba. Yana da shekara biyar na fara. Ni na kama hannunshi na nuna mashi aduwa na ce nan gonarmu ta tsaya, kar ya bar kowa ya taka. Yaron nan abin da na gaya mashi ya tsare."

Wuta ta tafi muna zaune. Na riga na adana, har wuri biyu. Na ce masa, Baba, har yanzu ban ba Shef ba. Ban san abin da ya sa na faɗa ba, ko kuma na sani.

Ya dube ni sosai. Ya ce, "Kwana nawa kina wahal da injin mutane saboda ni?"

Na ce uku.

"Ya isa. Ki ba shi. Ki gyara ki sa sha tara."

Na ce taswira abin da ta gani take faɗa, ba na iya ƙara mata. Ya ce to shi zai ƙara da baki. Ya sa takalminsa ya tafi neman motar Urafan, ko ruwa bai sha ba. Na rufe ƙofa na yi kuka har Shef ya ƙwanƙwasa.

Talata, 13 ga Mayu, bayan magariba

An yi zaman. Ba zan iya rubuta duka ba, kaina ciwo yake. Mai gonar gaɓa ta huɗu ya yi ta ihu wai injin ƙarya yake, an ce ma matsa masa aka yi har ya yi hayaƙi. Ban san wanda ya kai masa wannan ba. Kafin in buɗe baki Baba ya miƙe ya ce injin ya yi ƙarya kam, ya rage masa biyu. Ya ja mutane har gona, ya janye ƙayar da hannunsa, ta soke shi bai kula ba.

Rabo yana wurin, hannun dama cikin riga. Baba ya je gabansa ya tsuguna. Ban ji abin da ya ce ba, kuma ban ga Rabo ya amsa ba. Lalla ta wuce ta gabana, ta taɓa kafaɗata.

Wasu ƴan garinmu ba su amsa sallamata ba da zan hau moto. Inna ma tun da muka dawo ba ta dube ni ba.

Mahaman ya aiko saƙo wai in maida katin yadda masu shi suka ƙera shi tunda aiki ya ƙare, jaki ya huta. Na maida.

Juma'a, 16 ga Mayu, sha ɗaya saura, ƙofar gidan kaso

Wata tara ke nan da rufe Naziru, yau na fara zuwa. Baba ma haka. Inna ta ce ƙafarta na ciwo, ta miƙo kwanon ba ta ce wa za ta ba ba, Baba ya karɓa. A mota ya rungume shi a cinya har Tasawa, bai bar kowa ya taɓa ba.

Na ce in shiga tare da shi, ni na yi taswirar, ni Naziru ke jira. Ya ce a'a. Shi ya nuna masa aduwa, shi zai gaya masa.

Da mai gadi ya kira sunansa ya miƙe, ya yi taku uku, ya dawo ya ce in duba masa ko hularsa ta zauna daidai. Na gyara masa ita. Ya ce in jira shi a inuwa.

Akwai hadari a gabas. Awa guda ke nan bai fito ba.